Lokacin da Ake Neman Aiki da Ƙafa a Zariya

Zariya gari ne da ya iya yaye ɗalibi amma bai iya riƙe shi ba. Tun zamanin Turawa a kan haka aka ɗora shi. A Kongo ake horar da akawunan En'e, a Daffo ake horar da kuratan soja tun 1924, Kwalejin Barewa ta tare a nan a 1949, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, bayan shekara biyu makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta biyo baya. Ba lungun Arewa da ba shi da wanda ya yi karatu a Zariya. Sai dai in an gama karatun, kujerun da za a zauna a kai suna wani gari. Ma'aikatun gwamnati suna Kaduna, kimanin kilomita 80 daga nan. Manyan masana'antu a lokacin suna Kakuri a Kaduna, ko Bompai da Sharaɗa a Kano. Da aka shiga ƙirƙiro jihohi, Katsina ta samu tata a 1987, Dutse da Birnin Kebbi da Damaturu suka zama manyan biranen jiha a 1991, Gusau ta bi sahu a 1996, kowace da sabuwar sakatariya mai neman akawu da direba da masinja. Zariya tana kallo, rabon bai taɓa zuwa kanta ba.

Don haka a zamaninmu wuraren da mai takarda zai sa wa rai a cikin gari, da yatsu ake ƙirga su. Akwai jami'a, uwa ma ba da mama, da asibitinta na koyarwa wanda a lokacin yake Tudun Wada, kafin a kwashe shi zuwa Shika a 2005. Akwai reluwe, wadda ita ta haifi Sabon Gari, don a Zariya layin Kano ya rabu da na Gusau da Ƙaura Namoda. Akwai kamfanin taba na NTC da aka buɗe a 1959, da gidan gurzar auduga, da maɗaba'ar Gaskiya a Tukur-Tukur, da gidan waya, da NEPA, da 'yan bankunan da ke kewayen PZ, sai ƙaramar hukuma da makarantunta na firamare. In an ƙara 'yan ƙananan masana'antu, lissafi ya cika. Masu nema kuwa kowace shekara sai an juyo sababbi daga Barewa da Alhudahuda da Kufena, daga makarantun horon malamai, daga Kongo da Samaru. Baƙon da ya zo karatu ma, in ya sha ruwan Kubanni shekara uku ko huɗu, ba ya son komawa.

Yayyenmu da kawunnanmu ba su ɗanɗana wannan ba, shi ya sa har suka tsufa suna zargin mu da lalaci. Su a zamaninsu aiki ke bin mutum. Gwamnatin Sardauna ta dage sai 'yan Arewa sun cike ofisoshin Arewa, ga masu takardar ba su da yawa. Rikicin 1966 da yaƙin basasa suka sa ma'aikata 'yan Gabas da dama suka bar reluwe da gidan waya da kamfanoni, gurabe suka buɗe ta hanyar da ba mai hankalin da zai yi fatanta. Sai kuɗin mai ya zo. Aka biya garaɓasar Udoji a farkon 1975, gari ya cika da sababbin babura. A shekarar ce gwamnatin Murtala ta sallami ma'aikata sama da 10,000 a faɗin ƙasa, dole a maye gurbinsu. A 1976 aka fara ilimin firamare kyauta, UPE, malamai suka yi ƙaranci har wanda ya yi ɗan gajeren kwas ake miƙa wa alli, makarantun sakandare kuwa Indiyawa da 'yan Pakistan da 'yan Gana ke riƙe da azuzuwa da yawa. Ɗalibin ajin ƙarshe a jami'a, har Samaru ake biyo shi a yi masa tambayoyi. Yana gama bautar ƙasa, mataki na 8 da bashin mota suna jiran sa.

Mu muka zo an naɗe tabarma. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shigo da dokar tsuke bakin aljihu a Afrilun 1982, aka dakatar da ɗaukar ma'aikata a wurare da yawa, masana'antu suka shiga wahalar samun lasisin shigo da kayan aiki. Soja suka karɓi mulki a ƙarshen 1983, shekarar 1984 ta zama ta rage ma'aikata. A 1986 Babangida ya kawo SAP: naira da kafin nan take kunnen doki da dala ta koma sama da 3 a dala ɗaya kafin shekara ta ƙare, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Reluwe, wadda ta ɗan farfaɗo lokacin da Indiyawa suka riƙe ta daga 1979 zuwa 1982, ta koma sallama maimakon ɗauka.

Duk da haka, in na tuna shekarun nan ba ɗacinsu ke fara zuwa mini ba. Neman aiki a lokacin da ƙafa ake yin sa, da baki, ido da ido. Mutum ne zai hana ka, kuma ka san shi, ka san gidansu, jibi za ku haɗu a masallacin Juma'a. Sannan ba kai kaɗai kake fama ba. Akwai jama'a guda da ke kewaye da mai nema, kowa da abin da yake tallafa masa da shi.

Ga mai tafireta, alal misali. A gindin bishiya kusa da gidan waya ko bakin kotu za ka same shi, da ɗan teburinsa da takardar kabon da ta sha jiki har ta yi fari. Yawancinsu tsofaffin akawuna ne. Sun san yadda ake buɗe wasiƙa da yadda ake rufe ta, sun san ofishin da ke son a buga da wanda ke cewa sai rubutun hannunka a kan fulskaf, don a ga ko hannun zai iya riƙe rajista. Ba ya taɓa inji sai ya tambaye ka, "Ɗan gidan wa ne kai?" In ka faɗa, ya ɗaga kai ya dube ka da kyau. "Af, ashe jikan Malam ne. To ba can za ka kai ba, ɗana, an yi alkawarin wannan gurbin tun kafin azumi. Bari in buga maka ta wani wuri." Kuɗin bugu kwabbai ne, shawara kyauta, kuma ta fi wasiƙar amfani. Daga nan sai gidan hoto, inda kwat ɗaya ke rataye a ƙusa, ita kowa ke sawa. Da za a buɗe tsofaffin fayilolin garin nan, da an ga samari birjik cikin kwat guda, wani ta matse shi, wani ya nutse a cikinta.

Sai maganar adireshi. Ba kowane gida ke da akwatin gidan waya ba. Akan ari lambar akwatin wani kawu, ko na makarantar firamaren unguwa, a rubuta "ta hannun wane". Kenan ba ka da sirri. Kafin wasiƙa ta iso hannunka mai akwati ya ga tambarin da ke jikin ambulan, ya faɗa a majalisa, labari ya shiga cikin gida, Goggo ta fara yi maka barka tun ba ka buɗe ba. Ambulan mai kauri alheri ne. Siriri kuwa layi biyu ne na ban haƙuri, an ajiye sunanka sai gurbi ya samu. Wani abokinmu, takardar kiransa ganawa a aljihun mai akwati ta yi ta kwana, mutumin ya tafi biki ƙauye da ita, sai da ranar ta wuce ya miƙo masa. Ƙanin mahaifinsa ne, ba halin magana. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya.

Da safe akan taru wurin mai jarida a PZ, a ba shi ɗan abin da ya samu a karanta New Nigerian a tsaye, a fara daga shafukan talla, a kwafi adireshi a bayan kwalin sigari. Amma guraben jarida na Kaduna ne da Kano da Legas. Gurbin Zariya ba ya kaiwa jarida, kafin a buga an cike shi, don gari ƙarami ne, kowa ya san kujerar kowa. An san dattijon da ya kusa ritaya a ɗakin fayil, an san wanda aka yi wa canjin wurin aiki, an san wanda zai tafi ƙaro karatu ya bar tebur shekara biyu. Masinjoji da masu gadi da direbobi ke ɗauke da labarin, a ƙofar masallaci ake jin sa bayan Magariba, ko wurin suna da ɗaurin aure. Abin da ba a faɗa da ƙarfi shi ne, mutuwa ma tana cikin lissafi. In ma'aikaci ya rasu za ka je gaisuwa da zuciya ɗaya, ka zauna a tabarma ka yi addu'a, amma in ka ɗaga ido ka ga abokan nemanka a jere, kowa ya san abin da ya ratsa zuciyar ɗan'uwansa, kowa sai ya sunkuyar da kai. Ba wanda zai kai takarda kafin a yi addu'ar bakwai. Kara ce da ba a rubuta ba, ba a kuma karya ta. Sau da yawa ma zancen bai taso ba, don in ƙaramin aiki ne akan ba ɗan mamacin, a ce a rufa wa iyali asiri, kuma ban taɓa jin wanda ya yi ƙorafi a kan haka ba.

Zagayen kansa yini guda ne. Ɗan birni zai fito ta Ƙofar Doka da sanyin safiya, in hunturu ne leɓe a fashe, ƙafa ta sha basilin, ya ratsa Tudun Wada, ya haye gadar Kubanni zuwa PZ da Sabon Gari, in da sauran ƙarfi ya miƙe ta Kwangila da Palladan har Samaru. Mai keke yakan goyi ɗaya. Takardu suna cikin ambulan mai ruwan ƙasa, an sa a leda saboda gumi da ruwan sama. Kowane ofis da bencinsa a baranda, kowane benci da masinjansa, kuma shi ne hukuma ta farko. "Oga yana taro." "Oga ya tafi Kaduna." "Ka dawo ranar Litinin." Akwai ofishin da na zauna a bencinsa har masinjan ya fara aike na sayen goro. Tsoho ne, tsohon soja, ba ya son dogon zance. Wata rana ya ja ni gefe ya ce, "Yaro, ina kallon takalminka yana cinyewa. Wallahi ba gurbi a nan, bana kuma ba za a samu ba. Oga kunyar mahaifinka yake ji, shi ya sa yake cewa ka dawo." Na ce, "Na gode, Baba." Ya ce, "Bar godiya, je ka nemi wata ƙofar tun rana ba ta yi ba." Maganar ba ta yi mini daɗi ba a ranar, amma ba allon sanarwar da zai yi wa mutum irin wannan adalci.

Bakin ƙofar masana'anta wani fage ne dabam. Nan takarda ba ta da amfani, wani lokaci ma illa ce, don helma ba ya son wanda zai yi masa Turanci ko ya gudu bayan wata guda. Sai ka ga ɗan sakandare ya bar satifiket a gida, ya sa tsohuwar riga, ya shige cikin leburori tun kafin jiniya ta yi kuka. Helma zai fito ya dubi ƙirji da damtse, ya nuna: kai, kai, da kai mai jar hula. Sauran a watse, sai gobe. Aikin wucin gadi ne, ya fi samuwa bayan kaka, lokacin da motocin auduga ke layi, ganyen taba kuma ke shigowa daga ƙauyuka. Burin kowa wata rana a mai da shi na dindindin, ya samu kati da lamba da asibitin kamfani. Saurayin da ya samu haka a kamfanin taba, iyayen 'yan mata sun san da zamansa.

Gasar ba tsakanin Zazzagawa kaɗai take ba. 'Ya'yan Sabon Gari, jikokin Yarabawa da Ibo da Nufawa da reluwe ta kawo, a nan aka haife su, Hausarsu ba gyara, kuma da yawansu sun bi ta makarantun koyon tafireta suna riƙe da takardun Pitman da RSA. In aikin banki ne ko na kamfani sukan sha gabanmu, bisa cancanta kuma. In na gwamnati ne sai reshe ya juye, a ce kowa ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukumarsa ta asali, musamman bayan tsarin mulkin 1979 ya shigo da rabon muƙamai tsakanin sassan ƙasa. Sai ka ji an ce wa wanda bai taɓa kwana a garin kakansa ba ya je can ya nema. Mu kariya muke ganin abin, su kuwa ƙofa ce aka rufe musu a garin haihuwarsu, kuma duk cikinmu ba mai ƙarya. 'Yan mata hanyarsu ta fi tamu ƙunci: koyarwa, jinya ko tafireta, nan ma sai sun goga da matan malaman jami'a da na hafsoshin bariki, masu takarda kuma masu wanda zai ɗaga musu waya.

Uwa a gindin murhu kenan, wadda kowa ke zagi kuma kowa ke nema. A gari irin Zariya ba a shiga ofis da takarda kaɗai, sai da wanda zai ce ya san ka. Yadda ake yi, mahaifi ko kawu zai ɗauke ka bayan sallar Asuba ko La'asar zuwa zauren wani dattijo, mai sarauta ne ko babban malami ko tsohon ma'aikacin da yaransa suka zama manya. A tuɓe takalmi, a durƙusa, a yi doguwar gaisuwa, a tambayi iyali da gona da jiki, kai kana gefe kanka a ƙasa kamar ba don kai aka zo ba. Sai can mahaifinka ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗanka ne ya gama makaranta, yana zaune." Ba a ƙara ko kalma. Dattijo ya dube ka ya ce, "A wurin wa ka yi allo?" In ya gamsu, ya yagi 'yar takarda ya rubuta layi biyu, ko ya ce, je ka gaida wane, ka ce ni na aiko ka.

Ba zan kira wannan adalci ba. Ɗan manomi daga Soba ko Giwa ko Maƙarfi, wanda ya fi mu ƙoƙari a aji amma ubansa bai san zauren kowa ba, shi ke komawa gida ya kulle kyakkyawan sakamako a akwati. Na san irinsu, kuma garin ya yi asararsu. Sai dai ba a biyan ko kwabo a zauren nan. Goro ma in ya yi yawa abin kunya ne. Abin da dattijo ke bayarwa lamuni ne, sunansa ya jingina. In yaron ya yi sata ko ya riƙa fashin aiki, ba gidansu za a fara aikawa ba, zauren za a aika, kuma tsoron wannan ranar ya tsare mutane fiye da dokar aiki. Yau zancen sayen gurbi da kuɗi ya kai har Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike a kansa a 2023. Wanda ya sayi kujera da kuɗinsa, kunyar wa zai ji?

Tsakanin zagaye da zagaye akwai majalisa. Masu wucewa suna cewa zaman kashe wando muke yi, amma a birnin Zariya ba a zama haka nan, allura tana hannu. Garin ya yi suna a ɗinkin hannu na manyan riguna, yaro da shi yake tashi. Mai riga zai kawo zanen da aka fitar, aska biyu ko aska takwas, a raba wa samari, a zauna a zaure ana jan zare ana hira, rediyo na gefe a kan tashar Kaduna ko za a ji sanarwar ɗaukar ma'aikata. Da kuɗin ɗinkin ake sayen kan sarki da ambulan da sabulun wanki. Wasu da rani sukan gangara fadamar Galma wajen tumatir da rake, wasu su koyar da 'ya'yan ma'aikata da yamma. Abin da ya rage uwa ke cikewa. Ta kwance bakin zane ta miƙo kuɗin mota daga cinikin ƙuli-ƙuli, ta haɗa da rubutun sha da ta karɓo wurin malam, ta ce, "Je ka, Allah ya sa a dace. Rabonka ba ya wuce ka."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman abokan gasa da juna. Gurbi ɗaya, rabin majalisa an kira. Takalmin kirki ƙafa ɗaya ne, na wanda yayansa ke aiki a Kaduna. Wanda ya fito daga ganawa zai zagaya bayan gini ya tuɓe wa na gaba. Tare da takalmin yake miƙa tambayoyin: sun tambayi sunan gwamna, sun ba da lissafin kashi cikin ɗari, mai gilashin nan ba ya son a sa hannu a aljihu. Kowa ya san wuƙar da za ta iya yanka shi yake wasawa, amma ɓoye tambaya abin gori ne da zai bi mutum har tsufa, a garin da ba wurin ɓuya. In sakamako ya fito, wanda ya dace shi zai sayi shayi da burodin daren. A yi masa barka, hassadar kuma kowa ya kai ta gida ya kwana da ita, da safe ta huce.

A hankali majalisa ta watse. Wasu suka hau mota zuwa Kakuri, lokacin masaƙu na aiki dare da rana, suka raɓa a ɗakin 'yan'uwa har suka samu shiga. Wasu suka bi layin Daffo suka sa kaki. Da yawa suka karɓi alli suka tafi ƙauyukan da a da suke rainawa. Da hukumar samar da aikin yi ta NDE ta fara aiki a 1987, ta riƙa tura samari koyon sana'a wurin kafintoci da makanikai da masu walda, sai ga masu satifiket suna miƙa sifana a Sabon Gari. A cikinsu akwai waɗanda yau su ke ɗaukar wasu. Masu ɗinki kuma wasu ba su sake ajiye allura ba, suka zama masu kai riguna Kano da Legas, suka riga ma'aikatan cikinmu zuwa Makka.

Yaran yanzu sun fi mu takardu, sun fi mu yawa, ƙofofin kuma sun ragu. Yawancin masaƙun Kakuri sun yi shiru tun shekarun 2000, jirgin ƙasa a tashar Zariya sai jefi-jefi. Suna cike fom a waya ko a shagon kwamfuta a Samaru, su tura, su zauna jiran saƙon da ba ya zuwa, ba masinjan da zai ja su gefe ya gaya musu gaskiya. A Maris na 2014 an tara dubban ɗaruruwan matasa a filayen wasa na ƙasar nan don jarrabawar shiga aikin shige da fice, bayan kowa ya biya naira 1,000, mutum fiye da goma suka mutu a turmutsutsu. Mu an wahalar da mu, amma wanda ya ce mana babu ya san sunan ubanmu.

Ranar da takarda ta zo kuwa, ba taka ba ce kai kaɗai. Mai sakandare mataki na 4 ake ba shi, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 125 bisa dokar 1981, kuma albashin farko ba a taɓa shi. A ambulan ɗinsa za ka kai wa mahaifi, shi zai kasa: na Inna, na kakanni, na goggonni da kawunnai, na malamin allo, na mai akwatin gidan waya, na dattijon da ya rubuta layi biyu, wanda zai mayar da nasa ya sa albarka. Abin da ya saura bai fi kuɗin mota zuwa ƙarshen wata ba. Daga nan sai a shiga lissafin bashin keke.

Ba a kuma barin ka ka huta. Ni ban gama sanin hanyar teburina ba, aka yi sallama a ƙofar gida bayan Asuba. Maƙwabcinmu ne, sa'an mahaifina, da ɗansa a baya riƙe da ambulan mai ruwan ƙasa. Na rasa inda zan sa kaina, don ni ya kamata in je in durƙusa masa. Ya zauna, muka gaisa, ya tambayi aiki da gajiya da mutanen ofis, sannan ya ce, "Malam, ƙaninka ne ya gama makaranta, yana zaune." Ni da ko mabuɗin durowa ba a ba ni ba tukuna. Na karɓi ambulan da hannu biyu, na ce, "To, Baba, ya same ni a ofis ranar Litinin."